Babban Yatsan Zahara

Jikata Nawal, wadda take karatun aikin jinya, ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ta same ni a madafa ina wanke tumbin rago, ta toshe hanci ta ce, "Sitti, kakata, wannan ma har sana'a ce? A farke ciki, a zaro, a zuba ruwa, halas, shi ke nan." Wai a littafinsu Turawa suna da sunaye iri-iri na cire kayan ciki, amma duk abu ɗaya ne, kowa ma zai iya. Ni ba mai saurin baki ba ce. Amma tunda Allah ya sa na yi ajin manya a nan unguwar Rusaifa ta Makka wajen wata malama 'yar Kano, har na iya haɗa baƙi, to zan rubuta muku, ke Nawal da 'yan'uwanki masu sayen hanta a cikin leda, ku san abin da ya ciyar da iyayenku.

Ina yarinya muka iso Makka, mafi yawan tafiyar a ƙafa, ta Fallomi da Fashir da Suwakin. Mahaifina bai ga Ka'aba ba, a Jidda aka binne shi. Ni da mahaifiyata muka sauka a Jarwal, cikin bukkokin da mu Takari, baƙaƙen fatar da suka zo hajji suka zauna, muke yi da garewanin kananzir da aka buɗe aka miƙe. A bayan unguwar akwai fili inda mahauta suke yanka da safe. Maza ne ke yanka da fiɗa. Da zarar an farke ciki sai a turo kayan cikin wajen mata, su raba, su gyara, su wanke, masu soye-soye da masu dafa abincin biki su zo su ɗauka. Can mahaifiyata ta kai ni, ta damƙa ni hannun wata tsohuwa Basakkwaciya, Inna Kubura.

Sai na fara gaya muku labarin dutsen, don a kansa komai ya tsaya. Faffaɗan dutse ne baƙi, mai ɗan gangare, ruwa ba ya kwanciya a kansa. Yana gindin katanga, inuwa na rufe shi har kusan azahar, kuma yana dab da ƙugiyar Mu'allim Bakur, babban mahaucin wurin. Wadda take kan dutsen nan ita ce take karɓar kayan ciki da ɗuminsu. Ku ba ku san darajar ɗumi ba. Da ɗumi kitse bai daskare ba, hanji yana juyuwa kamar hannun riga, ƙuda bai riga ki ba. Sauran mata suna zaune a rana kan buhu, abin da ya rage shi ke isa gare su. Dutsen na Inna Kubura ne tun kafin a haife ni, kuma kowa ya san ranar da za ta tashi ita za ta nuna wadda za ta zauna.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ƙaramar wuƙa wadda wasawa ta cinye har ta zama kamar ganyen dabino. Siririn kara mai santsi na juya hanji. Ƙashin haƙarƙarin saniya na kankare tumbi, don wuƙa tana huda shi. Daro biyu, toka, gishiri. Ruwa kuwa 'yan ga-ruwa ne ke kawowa, garwa biyu a sanda, kuma a Makkar wancan lokaci ba a wasa da shi.

Hantar farko da Inna ta miƙo mini ta tunkiya ce, har yanzu ina ganinta. Ta ce, "Rakiya, kafin ki taɓa ruwa, nemo maɗaciya." Ga ta nan kuwa a manne a ƙarƙashin hanta, 'yar jaka koriya, a cike tam. In ta fashe, ɗacinta ya shiga hanta, babu ruwan da zai fitar da shi, ko lemun tsami sai dai ya rage. Na sa bakin wuƙa a hankali kamar yadda ta nuna mini. Fus! Kore ya malale har gwiwar hannuna. Inna ta ce, "To, kin yi wa kuliyoyin Jarwal walima." Sai na ji dariya a gefena, wata yarinya sa'ata ta ce, "Ma'alesh, ba komai, ya Rakiya. Kawo ta biyun ki gani."

Zahara ke nan. A Makka aka haife ta, kakanninta Kanawa ne, Hausarta rabi Larabci. Ta riga ni zuwa wajen Inna da 'yan watanni kawai, kada ku ɗauka shekaru ne. Ta ɗauki hantar ta ɗora a tafin hagu. Ba ta taɓa wuƙa ba. Babban yatsanta na dama ta zura ƙarƙashin wuyan maɗaciyar, ta danne da ɗan ali, ta ja sau ɗaya, kamar mai cire ƙaya a tafin ƙafa. Jakar ta taso cif, ko tsokar hanta ba ta biyo ta ba. Tana yi tana kallon wani jaki da ke wucewa. Ta jefar, ta goge yatsa a zane, ta ce, "Shufti? Kin gani? Ba wuya."

Wannan "ba wuya" ɗin na ji shi shekaru masu yawa.

Ba na so ku ce ina rage ta. Ina faɗin abin da ya faru ne. Zahara ba ta fi ni zuwa da wuri ba, sau da yawa ma na gama jera daro kafin ta iso tana gyara mayafi. Ba ta fi ni tsabtar hanji ba. In na juya hanji na murza shi da gishiri, za ki iya ɗaga shi ki hangi rana ta cikinsa. Nata, in kin duba da kyau, za ki sami ɗan yauƙi a lanƙwasa. Amma wa ke duba lanƙwasar hanji? Tumbi da hanji ba a yabon su. In sun fita tas, babu wanda ya san an yi aiki. In sun yi wari, kowa ya san sunanki. Hanta ce ake ci da safe a bakin titi ana lumshe ido. Akwai wani Bayamale mai soya hanta kusa da Harami, kullum in ya zo sai ya tsallake ni kamar kwata, ya ce, "Ina Zahara? Hantar Zahara nake so." Sai ka ce a cikinta aka ciro.

Ga ta da baki. Tana aiki tana zolayar mahauta da Larabci, su yi ta dariya, Mu'allim Bakur ya jefo mata ƙoda kyauta. Ni Larabcina na "nawa" da "na gode" ne. Inna kuwa in ta kira ni sai ta ce "ke Rakiya", in ta kira ta sai ta ce "'yar nan tawa". Wataƙila ita ba ta ma lura ba.

Zahara ta yi ƙoƙarin koya mini, gaskiya ɗaya ce. Takan kama babban yatsana ta ɗora, ta ce, "Nan, ya uhti, 'yar'uwata, nan. Kada ki matsa, ki roƙe ta ne." Na ce, "Zahara, ana roƙon maɗaciya?" Ta ce, "To ke da kike zuwa mata kamar askari fa?" Na tara farce kamar nata. Na yanke shi. Na shafa man zaitun. Na duba ko yatsanta ya fi nawa lanƙwasa, amma ba ta barin hannunta wuri ɗaya balle a gani. Da wuƙa na iya a ƙarshe, ba na fasawa, sai dai ina yanko 'yar tsokar hanta tare da ita, kuma kafin in gama ɗaya ta gama uku.

Lokacin aikin hajji babu mai kallon wata. A Mina, ranakun yankan hadaya, dabbobi sun fi hannaye yawa, har binne su ake yi. Mukan yi ta aiki har yatsu su ƙage, mu yanyana nama mu shanya a igiya da kan duwatsu, mu kwaso abin da zai kai mu watanni. A cikin yalwa kowa gwani ne.

Sai shekarar da yaƙin Turawa ya hana jirage zuwa. Lokacin na yi aure, ina da Habibu mahaifinki, Nawal, ina goyon Asma'u. Mijina Malam Sale ɗan ga-ruwa ne, sandar garwa ta taɓa masa ƙashin baya, yana kwance a bukka. Alhazai suka yi ƙaranci har kana iya jin takunka a Mina. Tumakin da ake haurowa da su ta teku suka daina zuwa. Hatsi ya yi wuya, ruwa ma ya ja baya. Matan fili suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu wankau, wasu bara a ƙofar Harami. A daidai lokacin gwiwoyin Inna Kubura suka ƙi, sai an riƙo ta take zuwa.

Wata safiya Mu'allim Bakur ya tsaya yana goge wuƙa a cinya, ya ce wa Inna, "Ya Hajja, abin da nake yankawa yanzu ba zai riƙe mata uku ba. Ko biyu ma. Ki zaɓi ɗaya." Inna ta ce, "Na ji. Ka bar ni in duba." Ba ta kalli kowa a cikinmu ba.

Ni na san abin da hakan yake nufi. In dutsen ya tafi ga Zahara, ba ni da abin da zan kai bukka. Ita ma tana da tsohuwar uwa makauniya, ban manta ba. Amma a fili kowa ya gama yanke hukunci. Na ji wata tana cewa, "Ai dutse na mai yatsa ne." Malam Sale daga kwance ya ce mini, "Rakiya, ki daina sayo hanta kina gwaji a gida, bakina ya gaji da ɗaci. Ko zuma na sha yanzu maɗaciya nake ji." Na ce, "Malam, ka yi haƙuri ka ci, magani ce."

Raƙumin farko da aka kayar a wannan shekara tsoho ne, na wani Badawi da ya kasa ciyar da shi. Da tumaki suka yanke, raƙuma aka koma yankawa. Mutum biyu ne suka jawo kayan cikinsa zuwa gindin dutse, tuli guda yana tururi. Mu'allim ya sa aka ajiye garwa biyu ya ce, "Ruwan ke nan yau, ba ƙari." Zahara ta kai hannu ga hanta kamar yadda ta saba, babban yatsa a miƙe, sai ta tuna ta fashe da dariya. Ta ce, "Ya salam, yau ƙawata ba ta zo ba." Ku da kuke karatu wataƙila ba ku sani ba, raƙumi ba shi da maɗaciya. Haka Allah ya yi shi. Hantarsa sai dai a yanka a miƙa, ko yaro zai iya.

Aikin ranar duk ya koma kan tumbi da hanji. Muka raba tumbin biyu, kowa da garwarta. Tumbin raƙumi ba irin na tunkiya ba ne. Yana da nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, kuma a jikinsa akwai ƙananan aljihuna jere-jere, kowanne cike da tsakuwa da ƙaya da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Zahara ta yi yadda aka saba a gari, ta zazzage, ta fara zuba ruwa tana cuɗawa. Kafin ta kai rabi garwarta ta yi ƙara, ruwa ya ƙare.

Ni ban taɓa ruwa ba. A hanyar Fashir, inda ruwa na sha ne kawai, na ga yadda mahaifiyata da matan ayari suke yi in raƙumi ya faɗi aka yanka shi. Na zazzage, na rataya shi a katanga ya tsane. Na ɗebo yashi mai zafi daga inda rana ta buga, na zuba, na murza, na kakkaɓe, na sake. Yashi yana shanye yauƙi ya fita da shi. Sannan na bi aljihunan nan ɗaya-ɗaya, ina turo kowanne da yatsa daga baya ina juye shi. Sannan toka, sannan ƙashin haƙarƙari, ina kankarewa har baƙin ya tashi. Sai a ƙarshe na kawo ruwa, da ɗan gwangwani, ina zubawa daga sama yana gangarowa cikin daro, na farko in wanke hanji da shi. Da na gama akwai saura a garwa.

Zahara ta tsaya hannu a ƙugu ta ce, "Wallahi ke aljana ce. Ara mini sauran ruwan, ya Rakiya, kafin Mu'allim ya rataye ni a ƙugiya." Na ba ta. Inna tana jingine da katanga, idonta rabi a rufe.

Haka aka yi ta yi, raƙumi yau, gobe babu, jibi wata ramammiyar saniya. Zahara ta gwada yashi, amma ba ta da haƙurin aljihuna, takan tsallake wasu. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin aiki kamar lokacin ba, duk da yunwa. Kowace safiya ina tafe ina addu'a Allah ya sa raƙumi ne.

Ranar da Inna ta yanke magana, ta sa muka zaunar da ita a kan dutsen. Ta shafa shi da tafin hannu, ta ce, "Rakiya, daga gobe nan ne wurinki." Ta miƙo mini wuƙarta. Zahara ta yi guɗa, ta rungume ni ta ce, "Mabruk, ya uhti!" Ta zaro karan juya hanjinta, wanda ya fi nawa santsi, ta sa mini a daro. Ko fuska ba ta ɓata ba. Na so a ce ta ɓata, ko kaɗan.

Da na raka Inna gida tana dafe da kafaɗata, na ce, "Inna, na gode. Ashe kin ga aikin tumbin nan." Ta ce, "Na gani, kin iya, babu mai wanki kamarki a filin nan." Muka ɗan taka. Sai ta ce, "Amma ba don shi ba ne. Ke ce mai bukatar dutse. Waccan ko a kan juji ta zauna, za a neme ta a same ta."

Na kai ta har shimfiɗa, na gyara mata matashi.

Dutsen ya riƙe mu. Da shi Habibu da Asma'u suka ƙetare shekarun nan, da shi na yi jinyar Malam Sale har ya miƙe. Zahara ta koma sayar da soyayyar gyaɗa da wankau, ta rame har wuyanta ya fito, amma in mun haɗu ita ce mai fara gaisuwa, takan ce, "Ina sarauniyar raƙuma?" Nakan ba ta ƙoda ko guntun huhu ta kai wa tsohuwarta. Ta karɓa ta yi godiya ba tare da sunkuyar da kai ba.

Da yaƙi ya ƙare jirage suka dawo, tumaki suka cika fili. Wata safiya na ɗaga kai sai ga Zahara can bakin lungu, a rana, kan buhu, ta kafa wata tsohuwar laima da wani alhaji ya yar. Ba ta roƙi kowa wuri ba. Ba a yi nisa ba Bayamalen nan ya zo, ya gaishe ni da mutunci, ya sayi hanta a hannuna, ya ɗauke ta ya wuce da ita wajen Zahara ta cire masa maɗaciya. Daga baya Mu'allim Bakur ya ga wahalar ta yi yawa, sai ya riƙa ware hantar tun daga ƙugiya. Tumbi da hanji da huhu a sauke mini a kan dutse da ɗuminsu, hanta kuwa ta wuce ta saman kaina a tire zuwa bakin lungu. Ina cikin inuwa ina kallon layi a rana.

Shekara da shekaru muka yi haka. Masu dafa abincin biki, masu ɗura shinkafa a hanji, wurina suke zuwa, kuma ba a taɓa dawo mini da kaya ba. Amma in baƙo ya tambayi filin, sai a ce masa, "Ka san inda Zahara mai hanta take zama? To nan." Asma'u ma da ta tasa, na ba ta wuƙar Inna na nuna mata yadda ake bi da maɗaciya. Ta ce, "Umma, bari in je wajen Hala Zahara, ita da yatsa take yi." Hala ita ce gwaggo da Larabci. Na ce ta je. Ta dawo ba ta iya ba ita ma, na zuba mata tuwo na ƙara mata miya.

Zahara ta rasu wajen lokacin da aka fara rushe gidaje don faɗaɗa Harami. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ba ta bar 'ya mace ba, sai aka aiko mini in taya mai wanka zuba ruwa, wai Zahara da kanta ta ce tun kafin ta cika, "A kira Rakiya, ba ta ɓarnar ruwa." An hana faɗin abin da aka gani a wajen wankan gawa in aibi ne. Wannan ba aibi ba ne, shi ya sa zan faɗa. Da aka zo wanke hannun dama, ni na riƙe shi. Karo na farko ke nan da na ga hannun nan a tsaye wuri ɗaya. Na juya babban yatsan, na duba gaba da baya, na jera shi da nawa. Gajere ne, farcen ya tsage a gefe, gishiri ya cinye fatar. Babu lanƙwasa, babu komai. Irin nawa ne sak. Mai wanka ta ce, "Hajiya, zuba mana." Na zuba.

To, Nawal, ga hantar rago nan na ajiye miki a firji, da maɗaciyarta a jiki, na hana mahauci ya taɓa. In kin dawo daga makaranta ki zo ki cire mini ita. Wuƙar Inna Kubura tana cikin kwano a kan kantar madafa, amma ki fara gwadawa da yatsa, ina so in gani.